Tayil ɗin Isfahan da Yumɓun Haɗeja

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Haɗeja ta Gujungu a 'yan shekarun nan zai lura da wani sabon ado da masallatai suka ɗauka. A garuruwa da ƙauyukan bakin titi, da zarar jama'a sun tara abin da ya samu, ko wani mai hali ya ɗauki nauyin aikin, sai a tayar da bangon bulo, a ɗora ƙubbar kwano a shafa mata koren fenti, sannan a liƙe fuskar ginin da tayil mai ƙyalli, fari ko shuɗi, irin wanda aka saba shimfiɗawa a ɗakin girki. Wani daga ƙasar Sin aka shigo da shi, wani kuma daga masana'antun Ogun da Kogi ya fito. Niyyar masu wannan aiki kyakkyawa ce. Sun ga masallatan Gabas a kalanda da talabijin da wayoyinsu, sun ga ƙubbobi masu launin sararin sama, suna kuma son ɗakin Allah na garinsu ya yi kama da su gwargwadon ƙarfin aljihu.

Abin da ake kwaikwayo ɗin yana da asali, kuma mafi shaharar asalinsa ƙasar Farisa ce, wato Iran ta yau da maƙwabtanta. Wanda ya bi tarihinsa zai tarar cewa mutanen Farisa ƙasarsu suka haƙa, duwatsunsu suka niƙa, suka koyi sarrafa wuta, har suka yi wa ginin tubalinsu rigar da ruwa ba ya ratsawa. Haɗeja gari ne da ke zaune a kan yumɓu, kuma ruwa ke cin gidajensa damina bayan damina. Abin da ya kamata ta ɗauko daga Isfahan shi ne wannan dabara ta mayar da ƙasar gida abin gini mai ƙarko. Launin shuɗin kuwa, shi ne mafi ƙanƙantar abin da ke cikin labarin.

Tsakiyar Iran tudu ne busasshe mai ƙarancin katako, don haka tun fil azal da tubali ake gini, ɗanye da gasasshe. Tsiraran tubali kuwa ruwan sama da ƙanƙarar hunturu da zafin rana suna cin sa a hankali. Tun kafin Musulunci, magina a Babila da Susa sun san shafa wa tubali wani ruwan gilas a gasa shi ya fito da sheƙi. A zamanin Musulunci sana'ar ta dawo jikin gine-gine da kaɗan-kaɗan. A zamanin Saljuƙawa, cikin ƙarni na 11 da na 12, 'yan gutattsarin tubali masu launin shuɗi-kore ake sakawa a rubutun da ke zagaye wuyan hasumiya, kamar wadda aka gina a Damgan wajen shekarar 1058. Sai da aka shafe ƙarni biyu da rabi kafin a kai ga irin ƙubbar Sultaniyya, wadda aka gina wa Sarki Uljaitu tsakanin 1302 da 1312, mai tsawon kusan mita 50, aka lulluɓe bayanta gaba ɗaya da shuɗin tubali.

Cibiyar sana'ar wani gari ne mai suna Kashan, wanda ya yi fice har sunansa ya zama sunan tayil: a Farisanci har gobe "kashi" ake ce masa. Akwai gidajen da suka gaji aikin kaka da kakanni, mafi shahara gidan Abu Tahir, waɗanda suka yi wa manyan wuraren ziyara na Mashhad da Ƙum mihrabai a ƙarni na 13. A shekarar 1301 wani ɗan gidan, Abul Ƙasim, ya rubuta yadda ake aikin. Jikin tayil ɗin ba yumɓu ba ne zalla: kashi goma na niƙaƙƙen farin dutse mai ƙyalli, kashi ɗaya na garin gilas, kashi ɗaya na farin yumɓu. Gilas ɗin ma daga dutse da tokar wasu tsirran daji ake haɗa shi. Launuka daga ma'adinai suke fitowa, jan ƙarfe ya ba da shuɗi-kore, kuza ta ba da fari, manganis ya ba da baƙi, shuɗi mai duhu kuma daga kobalt, wanda ake haƙowa a Ƙamsar, kusa da Kashan ɗin kanta. Kusan duk abin da sana'ar ke bukata yana cikin tafiyar 'yan kwanaki a kan jaki.

Hanyoyi biyu suka fi shahara wajen ƙawata bango. Ta farko ita ce a gasa kowane launi daban, a zo a yanka shi da guduma mai kaifi ƙanana-ƙanana, a jera gutattsarin fuska a ƙasa bisa zanen da aka shimfiɗa, a zuba musu farar ƙasa ta baya su haɗe. Wannan ita ce ta kai ƙololuwa a zamanin zuriyar Taimur, kamar a masallacin da Gauhar Shad ta gina a Mashhad a 1418. Aiki ne mai cin lokaci da kuɗi. Da Shah Abbas ya mayar da fadarsa Isfahan a 1598, ya kuma aza harsashin babban masallacinsa a 1611, yana son ganin ƙarshen aikin da idonsa, sai aka fi karkata ga hanya ta biyu da suke kira "launi bakwai": a zana launuka da yawa a kan tayil guda mai kusurwa huɗu, a raba tsakaninsu da siririn baƙin layi, a gasa lokaci ɗaya. Duk da haka ya rasu a 1629 ana kan ƙarasawa. Abubuwa biyu a wannan masallaci sun cancanci lura. Na farko, tayil bai sauko har ƙasa ba. Gindin bangon da dutsen marmara aka yi shi, domin nan ne danshi ke tasowa, nan ne kuma kafaɗun mutane ke gogawa. Na biyu, sunan magini, Ali Akbar Isfahani, da na mai rubutu, Ali Rida Abbasi, suna nan a jikin ginin tare da sunan sarki.

Mai kare tayil ɗin kanti zai iya cewa ai tun da can Musulmi na sayo ado daga nesa, kuma ya yi gaskiya. Masallacin Ƙairawan da ke Tunisiya, garin mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukan malaman ƙasar Hausa, yana da tayil 139 masu sheƙin zinariya a kewayen mihrabinsa, waɗanda aka sanya wajen shekarar 862, kuma daga Iraƙi aka kawo yawancinsu. Amma a mihrabi kaɗai aka jera su, kuma tarihin garin ya ruwaito cewa wani mutumin Bagadaza ya ƙera ragowar a nan Ƙairawan. Haka kuma da Sultan Sulaiman na Daular Usmaniyya ya sa aka lulluɓe Ƙubbatus Sakhra ta birnin Ƙudus da tayil a tsakiyar ƙarni na 16, masu sana'a aka ɗauko, har ɗaya daga cikinsu, Abdullahi mutumin Tabriz, ya bar sunansa a jikin aikin. A duka wuraren biyu ilimin ya yi tafiya tare da kayan, ya kuma sami wurin zama. Kwalin tayil da ake saukewa daga tirela a kasuwa ba ya barin kowa da sanin komai, illa mai liƙawa.

Ƙasar Hausa ta fuskanci tambayar da Farisa ta fuskanta, wato yadda za a kare ginin ƙasa daga ruwa, ta kuma ba da tata amsar da kayan da ke hannunta. Magina sun mulmula tubali, sun ɗaure rufi da azara, sun tayar da bakan gizo da ɗaurin guga, sun fitar da ruwan soro ta indararo. Rigar bangon kuwa iri biyu ce. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa a kwaɓa da ƙasa a yi yaɓe. Akwai kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin da ke taruwa a gindin karofin marina, da gashin jima daga majema, da dafara, ya bushe ya yi tauri kamar siminti. Marini da majemi da magini kowa na cin albarkacin ɗan'uwansa. A kan wannan yaɓe ne ake fitar da dagi da sauran zane-zanen ƙofar zaure. Gwanintar ta kai matsayin da Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, ginin da masana gine-gine na duniya ke zuwa kallo. Haɗeja ma da ƙasa ta kare kanta. Ganuwar da ta zagaye garin, wadda dakarun Ingila suka tarar a watan Afrilun 1906 lokacin da Sarki Muhammadu ya yi shahada, da ƙasar wurin aka tayar da ita.

Sai dai ba a yi wa wanda ya guje wa ginin ƙasa adalci ba idan aka ce son birgewa ne kawai ya kore shi. Marina sun mutu a yawancin garuruwa, katsi ya yi wuya, itatuwan ɗorawa da giginya sun ragu, yaɓen shekara-shekara kuma yana son hannaye da lokacin da ma'aikacin gwamnati ba shi da su. Fiye da duka akwai ruwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar Kogin Haɗeja ta sauya. Ruwan da ke gudana rani da damina ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin kogin, yashi ya cike wasu, ambaliya ta riƙa fantsama inda ba a saba ba. A 2018 da 2020 da 2022 jama'ar Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Guri da Haɗeja sun ga abin da ya ishe su, har matasa suka riƙa kwana suna cika buhuna da ƙasa don ƙarfafa jinga. Ginin ƙasa ta gindi yake mutuwa: ruwa ya kwanta kwana biyu ko uku, tubalin ƙasa ya jiƙe ya koma laka, nauyin soro ya danne shi. Babu makuba ko lason da zai hana wannan. Wanda bango ya taɓa faɗowa a kan iyalinsa ba ya bukatar lacca a kan kyawun gadon kakanni.

Amma bulo da tayil ɗin kanti ba su warware matsalar ba, ɓoye ta suka yi. Tsadar siminti ta sa masu buga bulo da yawa suna tsawaita buhu fiye da ƙima, sai a sami bulon da ke marmashewa a hannu. Idan aka liƙe shi da tayil tun daga ƙasa, danshin da ke tasowa daga fadama ba ya samun mafita, yana nan yana aiki a ɓoye har ranar da tayil ɗin zai fara ɓallewa ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma zafi. A watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce digiri 40, masallacin bulo mai rufin kwano ba ya zaunuwa sai da fanka, fanka kuma sai da lantarki ko janareta, alhali tsohon soro mai kaurin bango yana riƙe sanyin dare har azahar. Zariya ma ta ba da darasi mai ɗaci. A shekarun 1970 aka lulluɓe abin da ya rage na ginin Babban Gwani da sabon ginin siminti, kuma a watan Agustan 2023 wani sashe na masallacin ya rufto a kan masallata, aka rasa rayuka. Kowane gini, tsoho ko sabo, yana bukatar idon wanda ya san ciwonsa, kuma sutura ba ta maye gurbin wannan ido.

Abin da ya raba tubalin Farisa da na ƙasar Hausa shi ne wuta. Masu ginin tukwane a nan sun iya yumɓu ƙwarai, randa da tulu da tukunyarsu shaida ne, amma a fili suke gashi da kara da itace, zafin ba ya kai wanda zai narkar da gilas. Wannan ba ya nufin gasasshen tubali baƙo ne a yankin. Kogin Haɗeja idan ya haɗu da na Jama'are shi ke zama Komadugu Yobe, kuma a gaɓar wannan kogi ne Birnin Gazargamu yake, babban birnin Borno daga ƙarni na 15 har faɗuwarsa a 1808. A kufansa da na fadar Gambaru da ke kusa, har yau ana ganin ragowar bangon jan tubali gasasshe. Ruwan tangaran ma an taɓa yin sa da kayan gida. A farkon shekarun 1950 Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, inda aka riƙa haɗa shi da toka da duwatsun ƙasar nan. A can Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta ɗora zanen Gwari a kan tukwane masu sheƙi har duniya ta san ta. Ba a dai taɓa ɗaukar wannan ilimi an kai shi jikin bango da gaske ba.

Akwai ƙorafe-ƙorafe masu nauyi a kan wannan shawara, kuma sun cancanci amsa. Na farko makamashi ne: jihar da hamada ke matsowa ba ta da itacen da za ta ƙona a tanderu. Amsar tana jibge a bayan kowane injin casar shinkafa a kwarin Haɗeja. A ƙasashen Asiya da dama da ɓuntun shinkafa ake gasa tubali, tokarsa kuma tana cike da sinadarin da ake yin gilas da shi, har masu tukwanen Japan suna da wani farin ruwan tangaran da suke haɗawa da ita. Ita kanta kacala, a Senegal da Muritaniya ana mayar da ita gawayi. Na biyu guba ce: wasu tsofaffin launukan tayil da dalma ake haɗa su, kuma bayan abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, babu mai hankalin da zai yarda a shigo da ita gidajen masu tukwane. Ruwan tangaran na toka ba ya bukatar dalma, kuma wajibi ne a kafa wannan sharaɗi tun ranar farko. Na uku na addini ne, domin malaman Malikiyya sun karhanta ƙawata bangon alƙibla da abin da zai shagaltar da mai salla. Wannan ƙorafi ya fi faɗawa kan tayil mai walƙiya da ake liƙawa ko'ina fiye da kan jan tubali a gindin bango da ɗan zanen dagi a saman ƙofa. Na huɗu kuɗi ne, kuma gaskiya ne cewa tubalin farko zai fi bulo tsada. Amma kuɗin zai tsaya a hannun mai haƙa da mai mulmula da mai gashi a Auyo ko Malam Madori, ginin kuma ba zai nemi sabuwar gidauniya ba bayan kowace ambaliya.

Misalin cewa hakan na yiwuwa yana cikin ƙasar Hausa. A Yama, cikin jihar Tawa ta Nijar, magini Falke Barmu ya fara ginin masallacin ƙasa a 1962, wanda ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, cikin jihar dai, da jama'a suka bukaci sabon masallaci mafi girma, masu zanen gine-gine biyu, Mariam Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, sun mayar da tsohon masallacin ƙasar ɗakin karatu maimakon a rushe shi, suka gina sabon da tubalin jar ƙasar wurin da aka matse da inji, tare da maginan yankin, aka kammala a 2018. 'Yar ƙasar da ta haifi shuɗin tayil ta zo ƙauyen Hausawa, ba ta kawo tayil ko ɗaya ba. Ƙasar Dandaji ba irin ta fadamar Haɗeja ba ce, don haka amsar Haɗeja za ta bambanta: gasasshen tubali daga harsashi zuwa sama da inda ruwa ke kaiwa, a kan dandamali mai tudu, matsattsen tubali ko na gargajiya daga nan zuwa sama, tayil na gida kuma a inda ruwan sama ke duka, wato kan ƙubba da zankwaye da bakin indararo.

Aikin ba ya bukatar jiran Abuja. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman tana cikin Haɗeja, Jami'ar Sule Lamido tana Kafin Hausa, kuma gwada yumɓun fadamu daban-daban don sanin wanda ke jure wuta aiki ne da ɗalibai za su iya yi a zango ɗaya ko biyu. Masarauta, wadda maginan gargajiya ke ƙarƙashin inuwarta, ita ce ta fi dacewa ta tattaro tsofaffin da suka rage masu sanin laso da ɗaurin guga kafin su ƙare, ta haɗa su da matan da ke ginin tukwane da matasan da suka karanta injiniyanci. Mafi sauƙin mataki kuwa yana hannun likitoci da lauyoyi da ma'aikatan banki 'yan asalin yankin da ke Kano da Kaduna da Abuja, waɗanda ake tura wa takardar neman taimakon ginin masallacin ƙauyensu. Mai bayar da kuɗi yana da damar tambaya: da me za a yi gindin bangon, ina ruwa ya tsaya a ambaliyar da ta wuce, wa zai duba ginin bayan shekara biyar. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Ƙubbar babban masallacin Isfahan da ake gani a hotuna ba ta kai shekara ɗari huɗu don an yi ta da abin da ba ya lalacewa ba. Tayil ɗinta yana tsagewa yana zubewa, kuma a 'yan shekarun nan an shafe fiye da shekara goma ana sauke shi ana sake jerawa, har 'yan ƙasar suka yi ta muhawara a kan ingancin gyaran. Abin da ya raya ta shi ne har yanzu akwai masu tanderu da masu guduma a garin da suka san yadda aka yi ta. Masallaci guda ɗaya a ƙasar Haɗeja, wanda aka gasa tubalin gindinsa da ɓuntun shinkafar kwarin, aka kuma rubuta sunan magininsa a bakin ƙofa, ya isa a fara gwajin. Hukuncin kuwa kogin ne zai yanke shi, idan ruwa ya sauko a watan Satumba.